Mutumin da ke Zama a Baya

Mahaifina, Wilf Ormerod, da akwatin kifi ya fara.
A Grimsby ne, bakin tashar jiragen ruwa,
inda ƙarni ke raka mutum har gadon barci.
Yana ɗan shekara tara, cokulan uwarsa biyu a hannu,
yana jibgar katako har ta leƙo ta taga:
"Ko ka bari, ko ka wanke tukwanen gidan nan kaf!"
Ya wanke su tas. Ya kife su. Ya kaɗa.

Wani kukun jirgi ya sayar masa da faifai guda
a kan sule biyu da rabin kwalin taba.
Bulus ne, daga ƙetaren teku,
murya kamar ta wanda ya dawo daga binne ɗan'uwa,
a bayanta wani na takawa, dim, tas, dim, tas,
ba ya gaggawa, ba ya makara.
Baba ya ce, "Ni wancan na bayan nake so in zama."

Ya kuwa zama.
Shekara goma sha ɗaya cikin tsohuwar mota mai yoyo,
su biyar da lasifika, daga Hull har Glasgow,
shi ke kwana rungume da babbar ganga
kada laima ta saki fatarta.
Wata rana a Stoke kwalba ta tsaga masa gira,
bai ɓata bugu ko ɗaya ba.
Tabon jinin na nan kan ƙaramar gangar har gobe.

Da kiɗan rok ya zo da hayaniyarsa
ya ƙara ganga biyu, ya tara suma har kafaɗa.
Mawaƙi ya sami hoto a jarida,
mai jita ya sami 'yan mata masu ihu,
Baba ya sami bayansu.
Yakan ce duk Ingila ba wanda ya kai shi sanin ƙeyar Lenny Pask.
A jikin faifansu na biyu aka rubuta Ormrod.
Harafi ɗaya ya faɗi, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Ba zan shafa masa mai ba.
Ya sha. Sau huɗu yana manta ranar haihuwata.
Mama ta taɓa watsa farantan tagullarsa daga bene,
sai ya tsaya a titi, kai a karkace,
yana sauraron na ƙarshe har ya gama rawa ya kwanta.

Sannan aka kawo na'ura mai kiɗa,
ba ta sha, ba ta neman albashi.
Ya koma tuƙa motar madara da asuba,
kwalabe na ƙwal-ƙwal a bayansa,
yana gyara musu taku da birki.

Kunnen hagu ya mutu.
Na dama ya riƙa busa masa usur dare da rana.
Duk da haka, kowace Talata, a wata mashaya a Cleethorpes,
yana kaɗa wa mutum goma sha biyu da kare ɗaya
kamar su dubu ne.
Abu guda ya koya mini:
"Bridie, gurbin da kika bari tsakanin bugu biyu,
nan kiɗan yake kwana."

A asibiti, yatsunsa kan ƙarfen gado.
Nas ta ce jijiya ce ke motsi.
Na ce a'a, ki saurara.
Ɗaya, biyu, uku.
Na huɗun ya bar mana.

Yau ina kwashe garejinsa,
sanduna kamar bera ya gaigaye, cike da bokiti,
sai ga tsoho Tasker, maƙwabcin
da ya shekara talatin yana dukan bango a yi shiru.
Ya tsaya bakin ƙofa, hula a hannu,
ya ce, "Shirun nan ya hana ni barci."